Abin da Ya Kamata Ku Sani: Shin Wasan Gayya a Filin Golf Yana Shiga Lissafin Handikaf?

Mutumin cikin birnin Zariya, na Ƙofar Kibo ne ko na Ƙofar Doka ko na Ƙofar Kuyambana, ya fi sanin doki a kan sandar golf. Hawan Sallah ya tashi yana gani, ƙwallon dawaki kuma ko bai taɓa kallo ba ya ji labari. Shi kuwa golf, wanda wasu 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu, an daɗe ana yi masa kallon wasan Turawa da manyan ma'aikata. Amma wasan yana kusa da mu. Akwai fili a GRA ta Zariya, akwai tsofaffin kulob na Kaduna da Kano da Rayfield a Jos, ga kuma filin IBB a Abuja. Masu bugawa ma sun canza: malaman makaranta, hafsoshi, 'yan kasuwa, mata, da samarin da suka shigo ta hanyar ɗaukar wa manya jakar sanduna har hannunsu ya faɗa.

Duk wanda ya shiga wannan harka ba zai daɗe ba zai tarar da wata gardama da ba ta ƙarewa. Abokai sun fita su huɗu, ba gasa ba ce, sun kasu biyu-biyu ko sun haɗu ƙungiya ɗaya, an yi raha, an tashi da sakamako mai kyau. Sai ɗaya ya ce a kai katin ofis a shigar masa cikin lissafin handikaf. Wani ya ce a'a, ai wasan zumunci ne, ba ya shiga. Dukansu biyu suna iya yin kuskure, domin dokar ba ta damu da ko wasan na zumunci ne ko na kofi ba. Abin da take tambaya shi ne: ƙwallonka ka buga da kanka daga farko har ƙarshe? Bisa doka ka buga? Akwai wanda ya gani?

Mene ne handikaf?

Cikakken filin golf ramuka 18 ne. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa ciki, yawanci uku ko huɗu ko biyar. 'Yan wasa suna ce masa par, a nan za mu kira shi ƙa'idar rami. In aka tara na ramukan duka, akan sami 70 zuwa 72. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci.

Da haka aka bar abin, da ɗan koyo ba zai taɓa karawa da gwani ba. Shi ya sa aka kawo handikaf, wato rangwamen bugu da ake yi wa kowa gwargwadon iyawarsa. Mai handikaf 18 in ya gama fili da bugu 90, sai a cire masa 18, ya tashi da 72. Mai handikaf 4 in ya gama da 77, ya tashi da 73. Ka ga na farko ya ci, alhali na biyu ya fi shi iya wasa nesa ba kusa ba. Dattijo ɗan shekara saba'in yana iya karawa da jikansa, kowa kuma yana da damar ci. Wasanni kaɗan ne ke da irin wannan adalci, kuma gaba ɗayansa a kan lamba ɗaya ya dogara. In lambar ta gurɓace, adalcin ya tafi.

Masu kallon ƙwallon dawaki sun san kalmar, tun zamanin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka ɗaukaka wasan a Arewa. Sai dai akwai bambanci biyu da ya kamata a riƙe. A ƙwallon dawaki lambar tana tashi daga 2 ƙasa da sifili zuwa 10, kuma mai babbar lamba shi ne gwani. A golf mai ƙaramar lamba ne gwani. Na biyu ya fi muhimmanci ga zancenmu. Ƙwallon dawaki wasan mutum huɗu ne a kowane gefe, ba yadda za a yi a ware aikin mutum ɗaya da alƙalami, don haka kwamiti ne ke zama ya duba hawan mutum da bugunsa da dabararsa ya yanka masa lamba. A golf ba ido ke yankawa ba, lissafi ne. Lissafin kuwa ba ya cin komai sai bugun mutum ɗaya.

Yadda ake fitar da lambar

Kafin 2020 tsari shida ne ake bi a duniya: na Amurka, na Birtaniya da Ailan, na sauran Turai, na Ostareliya, na Afirka ta Kudu da na Ajantina. Mai handikaf 12 a Landan ba lallai ya yi daidai da mai 12 a Johannasbag ba. A 2020 hukumomi biyu da ke riƙe da dokokin wasan, R&A da ke garin St Andrews a Sikotlan da USGA ta Amurka, suka fito da tsari guda na duniya, aka kuma yi masa gyara a 2024. Sun bar wa hukumar kowace ƙasa 'yancin zaɓi a wasu wurare, kuma daga wannan 'yanci ne yawancin ruɗanin ke fitowa. A Nijeriya Hukumar Golf ta Ƙasa ce uwa, a kowane kulob kuma kwamitin handikaf ne ke da wuƙa da nama.

Ga yadda lissafin yake. Kowane fili ana auna shi a ba shi lamba biyu. Ta farko, lambar awo, ita ce bugun da gwani mai handikaf sifili zai yi a filin. Ta biyu, lambar tsauri, tana nuna yadda filin ke ƙara wa matsakaicin ɗan wasa wahala fiye da gwani. Tana kamawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ce madaidaiciya. In ka kawo kati, sai a cire lambar awo daga bugunka, a ninka da 113, a raba da lambar tsauri. Abin da ya fito shi ne tazararka ta wannan rana.

A ce wani malamin makaranta daga Ƙofar Kibo ya buga 90 a filin da awonsa 71.0 ne, tsaurinsa 125. An cire 71 daga 90, saura 19. An ninka da 113 an raba da 125, an sami 17.2. Haka za a yi wa kowane kati nasa. Daga katunansa 20 na baya-bayan nan a zaɓi takwas mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu. Shi ne handikaf ɗinsa. Mafi yawan abin da ake bayarwa 54.0 ne, mace ko namiji. Sabon shiga kuma yana bukatar ramuka 54 kafin a ba shi lambar farko, ko zagaye uku na 18, ko shida na tara, ko a gauraya.

A lura da abu guda: takwas mafi kyau ake ɗauka. Wato lambar tana nuna abin da mutum ke iya yi a ranar da wasa ya karɓe shi. Kati mummuna sau da yawa ba ya motsa ta ko kaɗan. Kati mai kyau fiye da kima kuwa nan take yake shiga cikin takwas ɗin, ya zauna har sai an buga wasu 20 sun ture shi.

Sharuɗɗan kati karɓaɓɓe

Dokar ta jera su a fili. A buga wasan a irin salon da hukumar ƙasar ta amince da shi. A cika mafi ƙarancin ramukan da aka ƙayyade. A buga tare da aƙalla mutum ɗaya. A bi dokokin golf. Filin ya zama yana da awo mai aiki. A ƙasashen da ƙanƙara ke rufe filaye akwai sharaɗin lokacin wasa, wanda bai dame mu ba a nan.

Ka duba jerin nan da kyau, babu inda aka ce sai gasa. Wasan yamma da aboki ɗaya yana shiga muddin ya cika sharuɗɗa. Wanda ya fita shi kaɗai da sassafe ya buga wasan da bai taɓa yin irinsa ba, katinsa ba ya shiga, ko da shi mai gaskiya ne kowa ya shaida. Wanda koci ke bin sa yana gyara masa tsayuwa rami bayan rami, nasa ma ba ya shiga. Haka wasan nishaɗin da ake cewa kowa sanda uku kawai zai ɗauka.

Sharaɗin awon fili ya cancanci a tsaya a kansa. Tsofaffin filayen Arewa da yawa an san su da dandalin rami na yashi da aka cakuɗa da mai a maimakon ciyawa, saboda ƙarancin ruwa da rani. Wasu kulob sun sauya zuwa ciyawa, wasu sun tsawaita ramuka ko sun matsar da wurin bugun farko. Duk irin wannan sauyi yana taɓa wahalar fili, kuma awon da aka yi kafinsa ya tsufa. Kafin ka damu da salon wasa, tambayi sakataren kulob ɗinku lambobin nan biyu da shekarar da aka auna su.

Inda gayya ke shigowa

Duk wanda ya taɓa zuwa noman gayya ya san cewa in mutum ashirin suka gama gona kafin azahar, ba wanda zai iya cewa ga kunya nawa wane zai iya nomewa shi kaɗai. An gama gonar, an ci tuwo, an yi wa mai gona barka, amma ba a auna ƙarfin kowa ba. Wasannin ƙungiya a golf kashi-kashi ne, kuma gwargwadon yadda aikin mutum ɗaya ya narke cikin na sauran, gwargwadon yadda katin ke rasa amfani ga handikaf.

Wanda ya fi yawa a bukukuwan kamfanoni da wasannin tara kuɗin taimako shi ne sikirambul. Kowa ya buga, a je a zaɓi ƙwallon da ta fi kyan wuri, sauran su ɗauko nasu su buga daga nan, haka har rami. Wasa ne mai daɗi, ɗan koyo ba ya jin kunya a cikinsa, ana kuma gamawa da wuri. Katinsa ba ya shiga handikaf a ko'ina cikin duniya, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili.

Mu koma ga malaminmu, a ce handikaf ɗinsa 18.0 ne. Sun yi sikirambul su huɗu sun tashi da 66, abin da ba shi da wuya ga mutum huɗu masu zaɓen bugu. In aka shigar da 66 da sunansa a filin nan mai awo 71.0, tazarar za ta fito 4.5 ƙasa da sifili, irin ta ƙwararrun da ke cin abinci da wasan. Za ta ture mafi rauni cikin takwas ɗinsa, a ce 20.0, matsakaicin ya faɗo zuwa 14.9. Ba a nan abin ya tsaya ba. Akwai doka ta sakamako na ban mamaki: wanda tazararsa ta fi handikaf ɗinsa kyau da 7.0 zuwa 9.9 ana ƙara rage masa 1, wanda ta kai 10 ko fiye a rage masa 2. Sai malam ya kwana da 18.0 ya tashi da 12.9. Bugu biyar sun tafi a rana ɗaya, hannunsa bai ƙaru da komai ba. Zai yi watanni yana shiga gasa da rangwamen da bai ishe shi ba. Ga sabon shiga abin ya fi muni, domin mai kati uku kacal da mafi kyau ɗaya ake yi masa lissafi, a kuma cire 2.

Salo na biyu shi ne bugun karɓa-karɓa, wanda ake gani a gasar Kofin Ryder tsakanin Amurka da Turai. Mutum biyu, ƙwallo ɗaya, wannan ya buga wancan ya karɓa. Kowa rabin bugun ya yi, daga inda abokinsa ya ajiye shi. Ba ya shiga. Haka ɗan'uwansa, wanda duka biyun ke yin bugun farko sannan a zaɓi ƙwallo ɗaya a ci gaba da karɓa-karɓa.

Na uku shi ne inda maganar ke da tsawo: wasan ƙwallo huɗu. Biyu-biyu ne, kowa da ƙwallonsa daga farko har rami, sai a ɗauki sakamakon wanda ya fi kyau cikin abokan biyu a kowane rami. A ido wannan ya cika sharaɗin ƙwallon kai. Amma duk wanda ya buga shi ya san ba haka mutum ke wasa ba in shi kaɗai ne. In abokinka ya riga ya tsare ramin, sai ka yi kasada ka nemi abin da ya fi. In ka ga ba za ka iya taimakawa ba, sai ka ɗauke ƙwallonka don kada a ɓata lokaci. Doka ta kuma yarda abokan biyu su yi wa juna shawara.

A nan ƙasashe suka rabu. Amurka tana karɓar katin ƙwallo huɗu, tana ma karɓar na wasan rami-da-rami, inda ake ƙirga ramukan da kowa ya ci a maimakon jimillar bugu. Ramin da mutum bai ƙarasa ba sai ya rubuta bugun da ya fi yiwuwa ya gama da shi, bisa ƙa'ida: in ƙwallon tana kan dandali, tsakaninta da rami bai wuce mita ɗaya da rabi ba, a ƙara bugu ɗaya, daga nan zuwa mita 20 a ƙara biyu ko uku, in ta fi haka nisa a ƙara uku ko huɗu. Ingila kuwa ba ta karɓar wasan rami-da-rami, ta kuma daɗe ba ta karɓar ƙwallo huɗu. Sai a watan Afrilu 2024 ta buɗe ƙofa kaɗan, a gasa kawai, da sharaɗi uku: abokan biyu su tara maki 42 ko fiye a lissafin Stableford (bayaninsa na tafe), sakamakon mutumin ya zama shi aka ɗauka a ramuka tara ko fiye, shi kansa kuma makinsa ya kai 36. Ma'ana, kati mai kyau ƙwarai kaɗai ake kamawa. An yi haka ne saboda mutanen da ke kwashe kyaututtuka a gasar biyu-biyu shekara da shekaru lambarsu ba ta taɓa sauka ba.

A ganina hanyar Amurka ta fi dacewa da yadda mutane ke wasa a zahiri, domin yawancin fitar abokai biyu-biyu ce, kuma tsarin da ke zubar da yawancin wasan mutum ba zai san shi sosai ba. Amma tana bukatar gaskiya mai yawa wajen rubuta bugun da ba a yi ba. Ko ma wanne mutum ya fi so, ba shi ke zaɓa ba. Abin da hukumar ƙasa ta amince da shi kuma kwamitin kulob ya sanar, shi ake bi.

Akwai na huɗu, wanda shi ne ya fi kama da fitar abokai ta ƙarshen mako. Mutum huɗu ƙungiya ɗaya, kowa da ƙwallonsa, a kowane rami a ɗauki maki biyu mafi kyau. In kowa ya buga nasa bisa doka, ba a yi wa juna shawara ba, aka rubuta bugun kowa daban, to a cikin wasan ƙungiyar akwai katin mutum ɗaya lafiyayye, kuma yana iya shiga. Lissafin Stableford, wanda wani likita Frank Stableford ya ƙirƙira aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932, ya sauƙaƙa wannan ƙwarai. Maki biyu ne ga wanda ya cika ƙa'idar rami bayan rangwame, ɗaya ga wanda ya wuce da bugu ɗaya, uku ga wanda ya rage ɗaya. In rami ya lalace maka har ba sauran maki, kana iya ɗauke ƙwallonka, katin bai ɓaci ba. Dama tsarin handikaf yana da rufi a kowane rami: ƙa'idar ramin, a ƙara biyu, a ƙara rangwamen da kake da shi a ramin. Mai rangwamen bugu ɗaya a rami mai ƙa'ida huɗu, ko ya buga goma sha ɗaya, bakwai za a lissafa masa.

Abubuwan da ke ɓata katin zumunci

Sau da yawa ba salon wasan ke kashe kati ba, kara ce. Mu mutane ne masu kara, kuma a fili tana fitowa ta hanyoyi da kowa ya sani. Babba ya yi bugun farko ƙwallo ta shige daji, sai na ƙasa da shi ya ce, «Ranka ya daɗe, a sake, wannan ba ta shiga lissafi ba.» Ƙwallo ta tsaya taku biyu daga rami, sai a ce, «Ɗauka, Alhaji, mun ba ka.» Ta faɗa gindin ciyawa mai kauri, a ɗan shure ta zuwa sarari, kowa ya kau da kai. Aboki ya tambayi aboki, «Wace sanda ka ɗauka a nan?»

Babu laifi abokai su yi wasa haka in nishaɗi suka fito. Amma kowanne cikin waɗannan ya saɓa wa doka a wasan ƙidayar bugu. Sake bugu kyauta babu shi a littafin dokoki. Kyautar bugun ƙarshe a wasan rami-da-rami kaɗai take halal. Shawara daga wanda ba mai ɗaukar jakarka ba ne kuma ba abokin haɗinka ba, bugu biyu ne hukuncinta. Gyara wa ƙwallo wurin zama sai in kwamiti ya kafa dokar gida saboda halin da fili ke ciki, kamar tsakiyar damina. Bugun taku biyu da ake rainawa, ƙwararru ma suna kuskure shi. Wanda ake ba shi kyautar irinsa sau huɗu ko biyar a zagaye, lambarsa za ta nuna gwanintar da ba shi da ita, kuma ranar gasa shi zai ji a jikinsa.

Ɗaya gefen ya fi wannan muni. Akwai mai ɓoye katunansa masu kyau ya kai munana kawai, don lambarsa ta yi sama ya kwashe kofi. Wannan zamba ce, ba ta da wani suna. Saboda shi ne Ingila da wasu ƙasashe suka ce wanda ke son wasan zumuncinsa ya shiga lissafi sai ya bayyana niyya kafin bugun farko, a littafin kulob ko a manhajar waya. In ya bayyana, dole ya kawo katin, ya yi kyau ko ya yi muni. In ya ƙi, kwamiti na da ikon rubuta masa sakamakon horo. Amurka ta bi ta wata hanya zuwa wuri ɗaya: duk wasan da ya cika sharuɗɗa wajibi ne a shigar da shi. A tsarin biyu duka, ba a yarda mutum ya gama wasa ya dubi sakamako sannan ya yanke shawara ba. Tsarin ya kuma sa birki ga lamba mai hawa: in ta haura mafi ƙanƙantar lambar mutum ta shekarar da ta wuce da fiye da 3.0, abin da ya ƙaru a kai rabinsa ake ɗauka, ba kuma za ta haura ta da fiye da 5.0 ba ko ta halin ƙaƙa.

Mai sa hannu a katin wani shi ma ya san nauyin da ya ɗauka. Shaida yake bayarwa cewa ya ga bugun nan an yi su. In ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka ba ne, don kunya ko don girman mai katin, shaidar zur ya yi, kuma waɗanda ya cuta su ne duk 'yan kulob da za su kara da mutumin nan gaba. Nauyin ya fi yawa a kan manya. Yaron da ke ɗaukar jaka yana jiran sallamarsa ba zai iya buɗe baki ya ce wa maigida bugu bakwai ya yi ba shida ba. Babban ne ya kamata ya ƙirga nasa da kansa ya faɗa da ƙarfi kafin a bar ramin.

Ramuka tara, magariba da iskar hunturu

Ma'aikaci da ya tashi aiki da la'asar ba zai gama ramuka 18 kafin duhu ba, balle da azumi. Ramuka tara suna shiga lissafi, in an buga taran duka a ɓangaren da aka auna. Tun gyaran 2024 ba a jiran wani tara a haɗa, tsarin da kansa yake cike sauran da abin da ake sa ran mai irin lambarka zai yi. Wanda ya yi niyyar 18 kuma magariba ta kama shi, ko hadari ya taso, ko jiki ya ƙi, in ya buga aƙalla ramuka goma katinsa yana nan da rai. Wanda ya tsaya don ya ga wasa ya ɓaci, ko don ya ga ya yi kyau yana tsoron lambarsa ta sauka, ba shi da uzuri.

A kai kati ranar da aka buga, kafin sha biyun dare. Kowace rana tsarin yana duba katunan da suka shigo daga fili ɗaya, in sun kai takwas daga masu handikaf 36.0 zuwa ƙasa, ya gane ko ranar ta fi kullum wuya ko sauƙi, ya yi gyara daga ragin bugu ɗaya zuwa ƙarin uku. A ƙasar Zazzau wannan ba ƙaramin abu ba ne. Filin Janairu, ƙasa ta bushe ƙwallo na gudu, iska na kaɗawa, hazo ya rufe tuta, daban yake da filin Agusta da ciyawa ta cika ƙasa ta jiƙe. Katin da ya kwana a aljihu ba ya cikin waɗanda aka auna ranar da su.

Kada a fahimci duk wannan a matsayin cewa handikaf ba shi da aiki a wasan ƙungiya. Wasan ne ba ya ciyar da lambar, amma lambar tana yi wa wasan hidima. Akwai kason da aka ba da shawara ga kowane salo. A gasar mutum ɗaya ta ƙidayar bugu kashi 95 cikin ɗari na rangwamensa. A ƙwallo huɗu na ƙidayar bugu kashi 85, na rami-da-rami kashi 90. A karɓa-karɓa rabin jimillar abokan biyu. A sikirambul na mutum huɗu kashi 25 na mafi gwaninta, 20 na mai bi masa, sannan 15 da 10. Masu rangwame 8 da 14 da 19 da 26, alal misali, ƙungiyarsu za ta sami bugu 10. Ka ga ko ranar gayyar ma, mutum ɗaya mai lambar ƙarya ya isa ya cuci sauran ƙungiyoyi.

Kirana ga kwamitocin handikaf na Zariya da Kaduna da Kano da sauran kulob ɗin Arewa shi ne su rubuta salon wasannin da ake karɓa da waɗanda ba a karɓa, da lambobin awon filinsu, da Hausa da Turanci, su manna a inda ake karɓar kati. Su ajiye littafin bayyana niyya kusa da ramin farko. Su kuma buɗe wa samarin da ke ɗaukar jaka hanyar samun lamba ta hukuma, domin da yawa daga ƙwararrun Nijeriya daga cikinsu suka fito. Kai kuma mai bugawa, kafin ka ɗora ƙwallo a ramin farko, ka gaya wa abokan tafiyarka ko yau ta kati ce ko ta nishaɗi. In ta kati ce, ka roƙe su kada su yi maka kara.